Yadda Ake Gina Sarauniya Mai Asiri a Tarihin Duniyar Labari

A ƙauyenmu, cikin ƙasar Birnin Kudu, akwai wata tsohuwar rijiya da aka daina ɗibar ruwanta tun kafin a haife ni. An gicciya mata itace a baki, igiyar guga ta ci itacen nan har ta yi masa kwari, yatsu uku sai su shige. Kakata in za ta wuce wurin takan rage murya ta yi sallama. Ranar da na tambaye ta wa take gaisarwa, sai ta ce, "Maigida, wata mata ce ta sa aka haƙa ta, ba a wuce ta haka nan." Iyakar abin da ta faɗa ke nan, amma yau shekaru masu yawa matar nan tana zaune a raina.

Matasa masu rubuta labaran yaƙi da na aljanu sukan turo mini rubutunsu ta WhatsApp in duba. Kusan kowa yana da wata sarauniya ta zamanin da a cikin tarihin ƙasar da ya ƙirƙira: kyakkyawa, mai kambin zinariya, wuta na fita daga tafin hannunta. In na rufe wayar sai in manta da ita, domin ba ta bar kome a ƙasa ba. Matar rijiyar kakata ko suna ba ta da shi, amma ta bar itacen da igiya ta ci, ta bar sallama a bakin tsofaffi. Irin wannan sarauniyar nake so in nuna maka yadda ake ginawa. Zan riƙa ba da misali da wata da na ƙirƙira da kaina, na sa mata suna Mai Gawo. Ba ta cikin tarihin kowace masarauta, ta koyon aiki ce kawai.

Mataki na farko: fara da ƙasa

Kafin ka zaɓa mata suna, ɗauki littafi da alƙalami ka fita. Kwana uku sun isa. Ka fara da gidan mai unguwa ko dagaci, ka riƙe goro, ka ce, "Ranka ya daɗe, tarihin gari nake nema don rubutu." Shi zai haɗa ka da dattijon da ya dace. In ka zauna da shi, kada ka ce, "Baba, ba ni tarihin garin nan," domin jerin sunayen dagatai zai karanto maka ya tsaya. Ka riƙa tambayar abu ɗaya-ɗaya. Me ya sa ake kiran wancan fili Kufai? Rijiyar nan gaba nawa ce, kuma wa ya haƙa ta? Wace bishiya ce ba a sara? Wane tafki ne ba a kai wa yara da rana tsaka? Sannan ka nemi tsohuwa, ka zauna kusa da ita tana ɓarar gyaɗa ko kaɗi, ka ce, "Iya, da can in fari ya zo me mata suke yi?" Abin da za ka samu a wurinta ba za ka samu a zaure ba.

Ka rubuta abin da idonka ya gani: jigayin rairayi, fadama, burtali, kuka mai kogo, kangon ganuwa da ya zama tudu ana noman gero a kansa. In kana kusa da Birnin Kudu ka je Dutsen Habude da Dutsen Mesa ka ga zanen shanun da mutanen zamanin da suka bari a jikin dutse, ka ji duwatsun da in an buga suke amo kamar ganga. In ta wajen Haɗeja kake, ka ga yadda ruwa ke malala cikin dausayin Baturiya da yadda tsuntsaye ke sauka da hunturu. Duniyar labarinka ƙirƙirarriya ce, amma ƙurarta da inuwarta daga nan za ka ɗebo.

Daga cikin abin da ka tara, ware abu guda da mutanen wurin suka fi tsoron rasawa. A jigawa ruwa ne. A bakin kogi ambaliya ce ke hana barci. A wani wurin mahara ne, ko fara, ko annobar shanu. Sarauniyarka amsa ce ga wannan tsoron. Mai Gawo ta fito ne a ƙasar rairayi inda rijiya ke kai gaba 20 kafin a ga danshi.

Mataki na biyu: ta yaya mace ta hau?

Mai karatu Bahaushe zai yi wannan tambayar ko bai furta ba, don haka ka shirya amsa. Tarihinmu da labaranmu na baka sun ba da hanyoyi. A labarin Daura, mata ne ke sarauta bi da bi, ana ce musu Magajiya, har zuwa kan Daurama wadda Bayajidda ya aura bayan ya kashe macijin rijiyar Kusugu, daga nan sarauta ta koma hannun maza. A Zazzau, Amina 'yar Bakwa gado ta yi kuma ta tsare shi da takobi. Littafin Tarihin Kano ya ajiye ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, 1421 zuwa 1438, ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, kuma ta shekara 34 tana yaƙi, ko da yake wasu masana suna kai zamaninta ƙarni na 16. Akwai kuma hanya ta uku, ta Madaki Auwa, matar Muhammadu Rumfa kuma uwar Sarki Abdullahi, wadda ba ta hau gado ba, amma ita ta tare tawayen wani babban basarake a Kano da ake kira Dagaci lokacin da ɗanta ya fita yaƙi.

Zaɓi ɗaya: gado ta wajen uwa, takobi, ko riƙon gari daga cikin gida har jama'a su ga ba su da wata madogara. Ka rubuta a layi biyar wa ya so hawanta, wa ya ƙi, da abin da aka ba wanda ya ƙi har ya yi shiru. Mai Gawo 'yar mahaƙin rijiya ce. Shekara uku ana fari, sarki ya kwashe iyalinsa ya yi kudu, ita ta nuna wurin da aka haƙa aka sami ruwa. Da sarkin ya dawo sai ya tarar tambari yana ƙofar bukkarta. Galadima bai taɓa yafe mata ba, kuma zuriyarsa za su yi mana amfani nan gaba.

Mataki na uku: asirin

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawa suke gaggawa. Fara da kalmar da za ka kira abin, domin Hausa ba ta haɗa su a kwando ɗaya ba. Baiwa da ita ake haihuwar mutum. Laƙani ba da shi ake yi, daga malami ko tsoho. Asiri haɗa shi ake yi, a binne ko a ɗaura. Tsafi yana da wurin yanka da abin da ake yi wa yankan. Akwai kuma wanda iskoki suka zaɓa, irin abin da 'yan bori ke faɗa game da Inna da mutanen Jangare, birnin iskoki. Kowanne da irin kallon da jama'a ke yi wa mai shi. Mai baiwa ana sonta ana tausaya mata, mai tsafi ana durƙusa mata ana tofar da yawu bayan ta wuce. Ka tsai da ɗaya a ranka, sannan ka bar mutanen labarin su yi ta gardama a kai.

Daga nan ka amsa tambayoyi huɗu a rubuce, ka liƙa takardar a inda kake aiki.

Me take iyawa? Abu ɗaya tak. In ka ba ta layar zana da baduhu da maganin ƙarfe da tashi sama duka, ka kashe labarin, domin babu abin da zai tsorata mai karatu a kanta. Mai Gawo tana kifa kunnenta a ƙasa ta ji motsin ruwa, in ta kira shi ya taso. Ba ta warkar da cuta, ba ta ɓacewa, kibiya tana huda ta kamar kowa.

Mene ne sharaɗin? Duk wanda ya tashi a karkara ya san ba a ba da magani sai da sharaɗi: kada ka ci kaza, kada ka tsallake kaza, kada mai janaba ya taɓa. Sharaɗi mai kyau shi ne wanda rayuwar yau da kullum za ta riƙa gogar sa. Na Mai Gawo shi ne ba za ta sha ruwan rijiyar da ta buɗe ba. Ruwan sama kaɗai take sha, wanda ake tara mata a randuna da damina a liƙe bakinsu da yumɓu. Ka duba abin da wannan ya haifar ba tare da na sha wahala ba: dole a sami ɗakin randuna, dole a sami baiwar da ke tsaronsa, dole a riƙa ƙirga randa nawa ta rage in bazara ta yi tsawo, kuma duk maƙiyin da ya san hanyar ɗakin nan ya san hanyar ranta.

Me take biya? Sharaɗi daban, farashi daban. Sharaɗi kiyaye shi ake yi, farashi kuwa fita yake ba ya dawowa. Ka guji farashin da ba ya ciwo, irin su gajiya ko suma na ɗan lokaci. Duk rijiyar da Mai Gawo ta buɗe, sai sunan mutum ɗaya da take ƙauna ya goge daga ranta. Tana ganin fuskar, ta san nata ne, amma sunan ya tafi. Ta farko ta ci sunan ƙawarta, ta huɗu ta ci na mahaifinta. Ta san ta tara za ta ci na 'yarta ta fari, kuma ga ayarin mutane sun zo daga arewa da jarirai a goye, leɓunansu sun tsage. A nan labari yake, a daren da za ta yanke shawara.

Mene ne makarinsa? Kowane asiri yana da makari, kuma wani ya san shi. Ka yanke wa ya sani, da dalilin da ya sa ya yi shiru ko ya fasa ƙwai. Makarin Mai Gawo a kira ta da sunanta na yanka a bakin rijiya. Mutum biyu suka san sunan: ungozomar da ta yanke mata cibi da wanzamin gidansu.

Ka lura da yadda Tarihin Kano ya bi da Barbushe, shugaban tsafin mutanen Dala. Ba kullum yake nuna abin mamaki ba. Bishiyar Tsumburbura tana kewaye da katanga, shi kaɗai ke shiga, jama'a su taru a gindin Dala da baƙaƙen karnuka da baƙaƙen kaji da baƙaƙen bunsuraye, ya fito ya faɗa musu abin da zai faru a shekara. Ƙarancin fitowar da katangar su suka ba abin kwarjini. Sarauniyarka ma kada ta yi aikin asirinta fiye da sau uku a idon mai karatu.

Wata magana da ba zan tsallake ba. Masu karatunka Musulmi ne mafi yawa, kuma sun san hukuncin sihiri. Ka ajiye sarauniyar a zamanin jahiliyyar duniyar labarinka, ko ka mai da abin nata baiwa da jarrabawa. Kada ka sa ayar Alƙur'ani a bakin matsafi, kada ka rubuta haɗin wani magani dalla-dalla kamar kana koyarwa, kada kuma ka ɗauki sunan waliyyi ko sarkin da zuriyarsa ke raye ka jingina masa tsafi. Wannan ladabi ne, kuma yana kare rubutunka.

Mataki na huɗu: fada

Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Mutum biyar sun isa, kowanne da abin da yake ci a mulkinta da abin da yake tsoro. Ka ɗauko daga sarautunmu: Galadima, Madaki mai dawaki, Shamaki, Jakadiya mai shiga ko'ina, Uwar Soro, Zabiya, Sarkin Ruwa, Sarkin Maƙera, Sarkin Noma. Ka ƙara sarauta guda wadda asirinta ne ya haife ta. A fadar Mai Gawo akwai Magajiyar Randa, kuma akwai wani yaro da aikinsa kawai ya tsaya bayanta ya riƙa raɗa mata sunayen mutanen da suka zo gaisuwa. Kada ka manta da maƙera. Ko a labarin Bayajidda sai da ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙar da ya kashe macijin da ita.

Mataki na biyar: suna da kirari

Ka ba ta suna uku: na yanka wanda kusan ba a ji, na sarauta, da laƙabin da talakawa suka sa mata. Laƙabin shi zai rayu. Na zaɓi gawo ne saboda halinsa da kowane manomi ya sani: da damina, lokacin da kowace bishiya ta yi kore, shi sai ya kaɗe ganyensa ya tsaya fari fat, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Da rani kuma, in kowa ya bushe, sai ya yi ganye ya zubo wa awaki 'ya'ya. Macen da ke shayar da gari ita tana jin ƙishi, wace bishiya ta fi kama da ita?

Kirari kuwa da baki ake gwada shi. Ka tashi tsaye ka faɗe shi da ƙarfi kamar kana gaban doki. In numfashinka ya yanke a tsakiyar layi, layin ya yi tsawo. Ka sa abin da ta yi, da wanda ta kayar, da habaici guda da sai wanda ya san labarin zai gane. Dubi na Amina, "'yar Bakwa ta san rana", kalmomi kaɗan ne amma sun ɗauki ƙarnoni. Ga na Mai Gawo:

Mai Gawo, uwar rijiya tara,
Kin sha da ido, bayi sun sha da baki,
Ƙasa ta yi miki raɗa, sama ta yi kishi,
Kowa ya san ki, ke wa kika sani?

Layin ƙarshe yabo ne a kunnen baƙo, a kunnen 'yarta kuwa wuƙa ne.

Mataki na shida: ka ba da labarinta da baki uku

Tunda a tarihi take, ba wanda ya gan ta a cikin masu rai na labarinka. Abin da ya rage bakuna ne, kuma baki ba ya zama ɗaya. Ka ɗauki takarda uku.

A ta farko ka rubuta yadda maroƙan fada ke faɗa ranar hawa: ta buɗe rijiya tara, ta kori fari, ba ta taɓa kuskure ba. A ta biyu ka rubuta yadda mata ke rerawa a bakin turmi ko kan dutsen niƙa. Su ba ruwansu da yawan rijiyoyi, abin da suka riƙe shi ne yarinyar da ta tsaya gaban uwarta, uwar ta ce mata, "Ke 'yar wa ce?" A ta uku ka rubuta ta bakin waɗanda mulkinta ya cuta. Ruwan da ta kira ai daga wani wuri ya taso. Masuntan fadamar kudu sun wayi gari tafkinsu ya janye, kifi na birgima a taɓo, don haka su a wurinsu mayya ce da ta sace musu ruwa, har yau in yaro ya ƙi barci da sunanta suke tsorata shi. Zuriyar Galadima kuma suna cewa mahaifinta ne ya san wuraren ruwan, ita kifa kunne kawai take yi don idon jama'a.

Kai marubuci ka san abin da ya faru a takarda ta huɗu, wadda ba za ka nuna wa kowa ba. Ka tabbata kowane baki yana da guntun gaskiya da guntun son rai. Ranar da jarumin labarinka ya ji baki na uku bayan ya girma da na farko, ka sami babi guda kyauta.

Mataki na bakwai: lissafin zamani

Mutanen karkara ba da lambar shekara suke riƙe tarihi ba. Cewa suke shekarar fara, shekarar da rana ta yi husufi, zamanin sarki wane. Haka mutanen labarinka za su yi magana. Amma kai a bayan fage sai ka yi lissafi, in ba haka ba za ka sa jikanta ya rayu shekara 300. Ga ma'auni daga gida: Tarihin Kano ya jera sarakuna 43 daga Bagauda a 999 zuwa Alwali a 1807, wato in an raba, kowanne ya sami kamar shekara 19. To in kana son tazarar shekara 250 tsakanin sarauniyarka da jaruminka, kana bukatar sarakuna 12 ko 13 a tsakani. Kada ka raba musu shekarun daidai wa daida. A jerin Kano, Kisoki ya yi daga 1509 zuwa 1565, Dakauta kuwa kwana ɗaya ya yi. Ka rubuta jerin, ka ba uku daga ciki abin tunawa guda-guda, sauran suna kawai.

Tazarar ita ke nuna yadda labarin ya lalace. Bayan shekara 80 akwai tsohuwar da kakarta ta gan ta. Bayan 250 sai kirari da kufai. Bayan 600 an fara haɗa ta da wata, ana cewa aljana ce.

Mataki na takwas: ƙarshenta da sawunta

Ka san yadda ta ƙare, ko da mutanen labarin ba su sani ba. Ƙarshen ya fito daga sharaɗi ko farashi ko makari, kada ka jawo wata annoba daga waje. Mai Gawo ta buɗe ta tara. Damina biyu suka yi gardama a jere, randuna suka ƙare, ga rijiyoyi tara cike a garinta. Wasu sun ce ƙishi ya kashe ta a zaune, wasu sun ce 'yar ce ta kira ta da sunan yanka a bakin rijiya don ta 'yanta ta, ta sha ruwa ta tuna kowa, rijiyar ta kafe a daren. Garuruwa biyu suna ja-in-ja kan inda kabarinta yake.

Yanzu sai sawu, wanda saboda shi muka yi duk wannan aikin. Dubi yadda na gaske suka bari. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura ana zuwa gani. Garun Gabas yana nan kusa da Haɗeja, inda labari ya ce Bayajidda ya bar matarsa 'yar Sarkin Barno ta haifi Biram. Tsofaffin ganuwoyi da dama a ƙasar Hausa ana ce musu ganuwar Amina. Ka ba sarauniyarka sawu aƙalla biyar, iri daban-daban: wuri, al'ada, hani, karin magana, da wani abu da hannu zai taɓa.

Na Mai Gawo ga su. Rijiya takwas suna aiki, ta tara kafaffiya ce, ana yi mata sallama. Ba a saran gawo a ƙasar, wanda ya sara sai ya biya akuya. Amarya kafin a kai ta ɗaki sai an ba ta ruwan sama a ƙoƙo. In mutum ya yi wa wasu wahala bai mori kome ba sai a ce ya yi shan Mai Gawo. Sannan akwai wanda na fi so. Mun san alkunyar da ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. A duniyar labarin, matan ƙasar suna cewa daga wurinta abin ya samo asali: sun daina kiran sunan 'ya'yansu na fari ne don kada sarauniyarsu ta ji kunya ita kaɗai. Al'adar da mai karatu ya tashi a cikinta ka ba ta sabon dalili a cikin ƙirƙirarriyar duniya, zai ji labarin a jikinsa.

Mataki na tara: shigar da ita cikin labari, sannan gwaji

Kada ka buɗe littafi da shafi goma na tarihinta. Ka bar ta ta riƙa ɗigowa. A babi na farko wata tsohuwa ta yi wa kafaffiyar rijiya sallama, ba bayani. A na uku a ci wani tarar akuya saboda reshen gawo. A na biyar maroƙi ya yi kirarin. Sai mai karatu ya fara tambaya da kansa kafin ka ba shi baki na farko. Kuma dole abin da ta bari ya taɓa matsalar jaruminka ta yau: rijiya ta takwas ta fara ja baya, ko an haifi yarinyar da ke cewa tana jin motsi a ƙarƙashin ƙasa. In za a iya cire sarauniyar labarin ya tafi daidai, to ba ka gama ɗaura ta ba.

Gwajin da nake yi ba ya cin ko kwabo. Bayan sallar isha'i, lokacin kaka da farin wata, na tara yaran gidanmu a tsakar gida a kan tabarma, in ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," su ce, "Ta zo mu ji ta." Sai in ba su labarin da baki, ba takarda. Ina kallon inda suka fara tsokanar juna, nan ne ya yi sanyi, sai in yanke. Ina riƙe tambayoyin da suka yi, domin su ne ramukan da ban cike ba. Wata 'yar ƙanwata ce ta tambaye ni, "Kawu, to in an yi ruwa me ya hana ta buɗe baki ta sha ta ƙoshi har na shekara?" Daga tambayar nan na koma na ƙara damina biyun da suka yi gardama.

Bayan kwana bakwai sai ka kira ɗaya daga cikinsu ka ce ya ba ƙannensa labarin kana saurare daga zaure. Abin da ya riƙe ka bar shi yadda yake. Abin da ya manta ka sake dubawa. Abin da ya canza da kansa kuwa ka rubuta shi a takarda ta biyu, cikin bakin mata masu daka, domin ka ga yadda labarin sarauniyarka zai sauya a bakin jikokinta.